Gani Ba Ci Ba Ne

'Ya'yana na Farfaru da ƙauyukan da ke kewaye da ita, maza da mata, da ku ƙannena malamai da kuka karɓi alli daga hannunmu:

Magana nake so mu yi a kan kimiyyar nan da ta shigo mana ta cikin wayar hannu. Na yi rayuwata ina koyar da kimiyya da alli da baƙin allo har na yi ritaya, kuma ba na cikin dattawan da ke ganin duk abin da ya fito daga intanet fitina ne. Alheri ne ya zo muku, irin wanda mu ba mu samu ba. A zamaninmu, in malami ya ce jini yana zagaya jiki, sai dai ya zana zuciya a allo, mu kuma mu haddace. Yau yaro zai zauna a gindin darbejiya ya ga zuciya tana bugawa, ya ga ƙofofinta suna buɗewa suna rufewa. Ina taya ku murna. Abu ɗaya nake jiye muku: kada kallo ya yi muku daɗi har ku ɗauka kun iya. Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma gaskiya ne. Amma su ɗin dai suka ce gani ba ci ba ne.

Bari in fara faɗa muku abin da ke akwai, don da yawanku suna riƙe da waya ba su san shi ba. A watan Maris na 2022 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, tare da UNICEF da kamfanin Microsoft, suka buɗe dandalin Nigeria Learning Passport. Kyauta ne, darussansa sun bi tsarin karatun makarantunmu, kuma akwai waɗanda aka yi da Hausa. Akwai Khan Academy, wanda wani Ba'amurke, Salman Khan, ya kafa a 2008 bayan ya fara da koya wa wata 'yar uwarsa lissafi daga nesa. Akwai uLesson na nan gida Najeriya, da aka fara a 2019, shi kam sai an biya kuɗi. Duk suna da amfani, kuma yawancinsu bidiyo ne da tambayoyi: ka kalla, ka amsa.

Wanda ya fi kwanta mini a rai shi ne PhET, na Jami'ar Colorado da ke Boulder a Amurka. Wani masanin fizis ne, Carl Wieman, ya kafa shi a 2002, shekara guda bayan ya ci kyautar Nobel. Mutumin da ya kai ƙololuwa a bincike, sai ya juyo ya damu da yadda ɗan aji yake fahimtar darasi. Shi wannan dandali ba lacca yake yi maka ba. Kayan gwaji yake zube maka a fuskar waya, ya bar ka da su.

Ɗauki wanda suke kira Circuit Construction Kit, na haɗa lantarki. Za ka ja batir da yatsa, ka ja igiyar lantarki, ka ja ƙwan fitila da makunni, ka haɗa su. Da zarar hanya ta zagayo ta rufe, ƙwai ya kama, sai ka ga 'yan ɗige-ɗige suna tafiya cikin igiyar, abin da ido bai taɓa gani ba a cikin igiyar gaske. Ka ƙara ƙwai na biyu a jere, ɗaya bayan ɗaya a kan hanya guda, duka biyun su dushe. Ka raba musu hanya, kowane da tasa daga batir, haske ya dawo musu cikakke. Ka haɗa kan batir da gindinsa kai tsaye ba tare da ƙwai a tsakani ba, sai ka ga wuta ta tashi a jikin batirin, a cikin hoto, ba wanda ya ƙone. A 'yan mintoci ka ga abin da mukan kwashe mako muna zanawa.

To ga inda nasihata take. Kafin ka sa ƙwai na biyun nan, ajiye wayar. Ɗauki biro ka rubuta a littafinka abin da kake zaton zai faru, da dalilinka. Sannan ka gwada. In zatonka ya yi daidai, madalla. In ya kuskure, to ka fi samun riba, domin yanzu kana da tambaya taka ta kanka, kuma amsar da ta zo wa mai tambaya ba ta saurin fita daga kai. Yaron da yake ta latse-latse yana kallon ƙwai na kamawa yana mutuwa, wasa yake yi, ko da kuwa wasan na jami'a ne.

Daga nan sai ka tashi ka nemi batir biyu na tocila, da guntun igiya daga matacciyar rediyo, da farin ƙwai irin na tocilan zamani. Nan za ka haɗu da abin da waya ba ta gaya maka ba. Igiyar sai ka fere mata roba da reza. Bakin batir ya yi tsatsa, sai ka kankare. Ka haɗa komai daidai yadda ka gani, ƙwai ya ƙi kamawa, ka yi ta juyi har ka gane cewa irin wannan ƙwan ƙafafunsa biyu ba ɗaya ba ne: in ka juya shi, wuta ba ta bi. Sannan ka jera biyu a kan batir biyun nan kana jiran su dushe kamar yadda na cikin waya suka yi, sai ka ga ba dushewa suka yi ba, ƙin kamawa suka yi gaba ɗaya. Ba ƙarya dandalin ya yi maka ba. Ƙwan da ya nuna maka irin na da ne mai zare a ciki, wanda ke yin ja ko da ƙarfin wuta kaɗan ne. Na hannunka kuwa yana buƙatar kusan bolt uku kafin ya buɗe ido, kuma da ka jera biyu sai suka raba ukun a tsakaninsu, kowa ya kasa. Wanda ya gano wannan da yatsunsa, gobe in fitilar sola ta gidansu ta mutu, ya san ta inda zai fara dubawa. Sai dai ku tsaya ga batirin tocila. Wayar wutar gida da ruwan batirin mota ba abin gwajin yara ba ne, ko wane bidiyo kuka gani.

Abu na biyu ya shafi inda Allah ya ajiye mu. Waɗanda suka tsara yawancin dandalolin nan suna zaune inda sabis ba ya yankewa, wuta ba ta ɗaukewa. Mu kuwa mun san abin da muka gani. A Maris na 2020 annobar korona ta rufe makarantun ƙasa baki ɗaya. A Disambar shekarar aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, aka rufe makarantun kwana na jiharmu ta Katsina. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, Jibiya tamu na ciki, aka yi watanni sai mutum ya yi tafiya kafin ya ji muryar ɗan uwansa. Waɗanda suka yi wayo a lokacin ba su manta ba. Duk ɗalibin da karatunsa ya dogara ga buɗe intanet kullum, ranar nan karatunsa ya tsaya.

Saboda haka ku yi da darasi yadda iyayenku ke yi da gero: ranar kaka ake cika rumbu, ba ranar yunwa ba. Ranar da ka samu sabis mai ƙarfi da 'yar data, ko ka shiga Jibiya ko Katsina, sauke abin da za ka buƙata a zangon karatu ka adana. Gwaje-gwajen PhET kowane guda ana sauke shi a matsayin fayil ɗaya mara nauyi, kuma yana buɗewa ba tare da intanet ba. Akwai manhajar Kolibri da aka yi musamman don makarantun da ba su da sabis: a zuba darussa a kwamfuta ɗaya, sauran wayoyi su ɗauka daga gare ta a cikin aji. Akwai Kiwix, mai ajiye Wikipedia a cikin waya. Mutum ɗaya ya sauke, ya tura wa goma ta Xender, yadda kuke tura wa juna finafinai da waƙoƙi. Kuma a zuba kwafi a memori ko filashi a bai wa malami ya ajiye a makaranta, domin waya takan faɗa ruwa, takan ɓace, takan tafi kasuwa ranar da gida ya rasa cefane. Datar da ke ƙarewa a kallon barkwanci a dare ɗaya ta isa ta sauke gwaje-gwajen zango guda. Ban ce kada ku yi dariya ba. Na ce ku fara da saukewa.

Yanzu ku zo mu shiga madafi, domin nan ne ɗakin gwajin da kowane gida yake da shi. A PhET akwai darasin ma'aunin tsami da kanwa, wanda littafinku ke kira pH, daga 0 zuwa 14, ruwa zalla yana tsakiya a kan 7. Za ka zuba ruwa iri-iri a hoto, lamba ta fito maka tsaf. Da kyau. In ka gama, roƙi mahaifiyarka ɗan busasshen zoɓo, ka jiƙa shi a ruwa, ba sukari ba citta, ka tace. Yanke gindin gorunan ruwa guda uku, masu haske, ka zuba ruwan zoɓon daidai wa daida. Na farko ka bar shi yadda yake, shi ne shaidarka. Na biyu ka matsa masa lemun tsami: zai ƙara ja, ja mai haske. Na uku ka ɗiga masa ruwan kanwa: jan zai gudu, ya koma shuɗi-shuɗi, in ka ƙara ya tafi kore mai duhu. Ruwan toka ma haka zai yi. Sinadarin da ya ba zoɓo launinsa shi ne yake sauya kama gwargwadon tsami ko kanwar da ya tarar, aikin da takardar litmas take yi a ɗakin gwaji.

Kada ka tsaya a mamakin launi. Samo sirinji sabo, ka cire allurar ka ba babba ya zubar da ita. Ja ruwan lemun tsami, ka riƙa ɗiga shi cikin na kanwar nan kaɗan-kaɗan kana juyawa. Za ka ga 'yan kumfa suna tasowa, iskar kabon ce take fita daga kanwar. Ci gaba har ɗigon da ya dawo da ja, sannan ka duba mililita nawa ka zuba, ka rubuta. Wanke kofi, sake aunawa daga farko, har sau uku. Wannan shi ne ainihin aikin da za a sa a gabanka ranar firaktikal na kemistiri a jarrabawar WAEC ko NECO, sai dai can da bututun gilashi mai famfo da sinadaran kwalba. Na ga ɗalibai masu ƙoƙari, waɗanda suka haddace lissafin tas, hannunsu yana rawa a kan famfon nan domin ba su taɓa tsayar da ɗigo ba. Yatsan da ya saba da sirinji ba zai yi baƙunta a wurin ba.

Lambobinka uku ba za su zo ɗaya ba. A nan nake so ku ba ni kunnuwanku sosai. A waya, in ka maimaita gwaji sau ɗari, amsa ɗaya za ka samu, domin lissafi ne aka rubuta a ciki. A hannunka kuwa na farko zai ba ka wani abu, na biyu ya ɗan haura, na uku ya ɗan sauka. Zuciya za ta raya maka ka goge ka gyara su yi kama da juna, ko su yi kama da na littafi. Kada ka yi, ɗana. Kada ki yi, 'yata. Rubuta abin da ka gani, sannan ka tambayi kanka me ya kawo bambancin: ko kanwar ba ta narke duka ba, ko lemun na biyu ya fi tsami, ko idonka ya makara wajen ganin launi. Lambar da ka auna amana ce. Yaron da ya saba gyara lamba a aji, shi ne gobe zai rubuta sakamakon jinin da bai duba ba a asibiti, ko ya sa hannu a kan gadar da bai auna ƙarfenta ba. Babu dandalin da zai koya maka wannan, domin na'ura ba ta san ko ka yi gaskiya ba.

Kuma in kuna wannan aiki, ku tambayi iyayenku mata. Sun san abin da kanwa take yi wa wake a tukunya, sun san bambancin kunun kanwa da kunun tsamiya tun kafin a haife ku. Sun san ruwan randa ya fi na bokiti sanyi. Littafinku zai ba ku dalili: ruwan da ke tsattsafowa ta jikin yumɓu yana ƙafewa, yana tafiya da zafi. Wani malami a Jigawa, Mohammed Bah Abba, a kan wannan sanin ya tsaya ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, manoma suka samu inda kayan lambu ke kwana da kwanaki ba su lalace ba, har aka ba shi kyautar Rolex ta duniya. Bai je ko'ina neman abin ba, a tsakar gida ya same shi.

Akwai kuma dattin da ke biyo hanyar da alherin ya biyo. Za a turo maka bidiyo a WhatsApp ko TikTok: wani ya liƙa maganaɗisu a jikin fanka, tana juyawa da kanta, tana kunna ƙwai, ba batir ba sola, wai har abada. Tambaya ɗaya za ka yi: ƙarfin daga ina yake fitowa? Darasin farko na makamashi ya gaya maka ba a samar da shi daga babu, sauya kama kawai yake yi. In ba ka ga inda ya shigo ba, to an ɓoye maka batirin ne. Haka za ka yi da mai cewa a haɗa kaza da kaza a sha a warke daga kowace cuta. Dubi wanda ya yi abin: jami'a ce, ko ma'aikatar ilimi, ko wani ne mai neman mabiya? Manhajojin nan masu amsa tambaya kamar mutum su ma sukan yi kuskure, kuma da cikakken ƙarfin hali suke yinsa. Ka tambaye su bayani in ka so, amma ka auna da littafinka da malaminka. In ka kwafi amsarsu ka miƙa a matsayin aikin gida, makin ka samu, karatun ka rasa, kuma ranar JAMB, wadda tun 2015 a kan kwamfuta ake yin ta, kai kaɗai za ka zauna gaban allon.

Kada kuma ku raina malaminku don kun ga wani a bidiyo da farar riga da kayan aiki masu walƙiya. Mai bidiyon bai san sunanka ba, bai ga fuskarka lokacin da ka ɓace a tsakiyar bayani ba. Malaminka ya gani.

Ku kuma ƙannena malamai, na san halin da kuke ciki: aji cike, albashi ba ya kai wata, wayar da za a yi darasin ma taku ce, datar kuma daga aljihunku. Allah ya saka muku. Roƙona gare ku kaɗan ne. Ku buɗe gwajin a gida kafin ku kawo shi aji, ku san inda yake da santsi. Kada a kunna wa yara bidiyo a fita shan iska, wannan ba darasi ba ne. In waya ɗaya ce, ba laifi: ku rubuta tambaya a allo, kowa ya rubuta zatonsa, a ɗaga hannu a ƙirga masu cewa zai dushe da masu cewa ba zai dushe ba, a bar su su yi gardama kaɗan, sannan a kira su rukuni-rukuni su gani. Gardamar nan ta minti biyar ta fi kallon minti talatin. Ku ba su dama su yi bayani da Hausa tukuna, in ma'ana ta zauna sai a ɗora mata Turancin jarrabawa. In kwamitin iyaye ya tambaye ku abin da za a saya, ku sa faifan sola na caji da memori a gaba, tare da batura da sirinji da ma'aunin zafi da tef na awo. Kwamfutar da ba ta da wutar caji kabad take komawa.

Samari, a gidaje da yawa wayar a hannunku take, ko a hannun baba. Ƙanwarka tana aji ɗaya da kai ko tana bin bayanka, kuma ita ba ta fita dandali da dare ta ga abin da abokai suka sauke. Ba ta wayar ta yi awa guda bayan magariba, ka zauna kusa in kana so. Makarantar koyon jinya da ungozoma sai da kiredit a bayoloji da kemistiri da fizis ake shiga, kuma kowa a nan ya san abin da ake ji in haihuwa ta zo da gardama cikin dare, ana neman mace mai sani ba a samu ba. Katsina tana cikin jihohin farko da shirin AGILE na karatun 'yan mata ya fara aiki a cikinsu. 'Ya'yana mata, in irin wannan dama ta iso makarantarku, ku zauna a gaba, ku sa hannu a kan na'urar da kanku, kada ku tsaya baya kuna kallon wasu suna latsawa.

Zaman bakin iyaka ma yana da ribarsa. 'Yan uwanku na ƙetaren iyaka, na Ɗan Isa da Madarumfa da Maraɗi, da Faransanci suka yi karatu, ku da Turanci, amma alamar ruwa H2O ce a littafinku da nasu, kuma batir da ƙwai ba su da yare. Ku tura musu abin da kuka sauke, ku yi bayanin da Hausar da ta haɗa ku. Ruwan da madatsar Jibiya ta tare a kogin Gada shi ne yake wucewa ya zama Gulbin Maraɗi. Layin dogon da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, daga Kano zuwa Maraɗi, ta Katsina da Jibiya aka tsara ya bi. Madatsa da dogo duk suna neman masu awo da masu gyara, kuma ina fatan a same su a cikinku.

Kada wani ya ce muku wannan ilimi baƙo ne a ƙasar Katsina. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, malamin lissafi da taurari, ya rubuta littafi da Larabci a 1732 a kan yadda ake jera lambobi cikin gidajen murabba'i su ba da jimla ɗaya ta kowane gefe, ya rasu a Alƙahira a 1741. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa malamin kemistiri ne kafin ya zama gwamna da shugaban ƙasa. Manyanku kuma za su ba ku labarin ranar Laraba, 29 ga Maris 2006, da rana ta yi husufi da hantsi a wannan yanki namu, gari ya yi duhu, kaji suka nufi akurki, aka yi sallah a masallatai. Masana sun faɗi ranar da sa'ar tun shekaru kafin ta zo, da lissafin tafiyar rana da wata, ƙudurar Allah da ya sa su bisa tsari. Lissafin nan da sanda da inuwa aka fara shi, kuma da shi nake so in ba ku aiki.

Kun san daga karatun fiƙihu cewa da inuwa ake gane shigar azahar da la'asar. Garinmu yana kusan digiri 13 arewa da tsakiyar duniya, don haka sau biyu a shekara rana takan tsaya daidai bisa kanmu: wajen 25 ga Afrilu, da kuma bayan tsakiyar Agusta. Na Agusta hadari yakan rufe shi, ku riƙi na Afrilu. Ku duba manhajar taurari irin su Stellarium, wadda ke aiki ba intanet, ku ga yadda abin zai kasance, ku rubuta zatonku. Sannan ku samo sanda miƙaƙƙiya, ku kafa ta a fili mai laushi daidai, tsawon abin da ya fito sama ya zama mita ɗaya cif. Ku rataya dutse da zare a gefenta don ku tabbatar ba ta karkace ba. Daga ƙarfe sha biyu ku riƙa sa alama a bakin inuwar duk minti biyar. Wajen sha biyu da rabi za ku ga inuwar ta shige ƙarƙashin sandar. Ƙasa za ku riƙa kallo, kada wanda ya ɗaga ido ya dubi rana.

Kafin ranar, ku nemi wani ɗan uwa ko ɗalibi a Zariya ku yi alkawari ya kafa irin sandar, ya auna inuwarsa mafi gajarta a ranar. Zariya tana kudu da mu, kusan a kan layi ɗaya, tazarar kimanin kilomita 220 in an miƙe ba a bi kwanar hanya ba. Shi inuwarsa ba za ta ɓace ba. Zai samu kimanin santimita uku da rabi, tana nuna kudu. Ku zana sandar da inuwar a takarda, ko ku yi amfani da lissafin kusurwa na ajinku, za ku samu kusan digiri 2. Da duniya shimfiɗaɗɗiya ce, da inuwar ta ɓace a garuruwan biyu lokaci guda. Digiri 2 kashi ɗaya ne cikin 180 na cikakken zagaye. Ku ninka 220 sau 180, zai ba ku 39,600. Kewayen duniya kimanin kilomita 40,000 ne. Haka Eratosthenes ya yi tsakanin Iskandariya da Aswan a Masar fiye da shekara 2,200 da suka wuce, kuma masanan Halifa Ma'amun na Bagadaza sun sake auna girman duniya a zamaninsu ta wata hanya makamanciya.

Naku awon zai iya fitowa 35,000 ko 46,000, domin kuskuren rabin santimita a inuwa yana zama dubban kilomita a amsa. Ku rubuta shi yadda ya fito, da sunan garin biyu da kwanan wata da tsawon sanda. Ku nemi aji biyu ko uku su yi, kowa da sandarsa, a haɗa lambobin a raba. Littafin kuma a bar shi a ofishin shugaban makaranta, domin 'yan ajin baɗi su sake aunawa su gwada da naku.